Kofin Ruwa a Gidan Baya

Ina kwance ƙarƙashin motar, sifana a hannu, tsatsa na zubo mini a ido, sai na ji an shuri tafin ƙafata. Ba shurin wasa ba ne.

"Yaya, fito mu yi magana."

Auta ce, 'yar maƙwabcina Baba Direba. A gabana aka haife ta, ni na koya mata hawan keke a layin nan, amma ranar da na turo kaina waje na ɗaga ido sai na ga kamar ban santa ba. Saukarta ke nan daga garin da take aiki. Ta shiga ta ga mahaifinta ta fito, idanunta sun yi jajur.

"Me ka yi wa motar nan?"

"Gyara nake yi, Auta. Sannu da hanya."

"Gyara? Mota a kan duwatsu, babu tayoyin baya? Inna ta ce ka kwance wasu abubuwa ka kai kasuwa. Je ka karɓo ka mayar, yau ɗin nan zan kai shi babban asibiti."

Na miƙe ina goge hannu da tsumma, ina neman ta inda zan fara. Gaskiyar magana ita ce ba gyaran komai nake yi a ƙarƙashin motar ba. Bututun mai nake gogewa, wanda na riga na goge shi tun tuni, don dai kar a wuce a gan ni a zaune.

Ni bakanike ne, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu. Baba Direba kuwa tun ƙuruciyarsa yake tuƙa wani attajiri, da mutumin ya rasu sai 'ya'yansa suka bar masa motar. Baƙa ce, doguwa, kujerun fata, gabanta duk katako mai sheƙi. A zamaninta idan ta shigo layi har masu shago leƙowa suke yi. Yanzu ta tsufa kamar mai ita, amma kullum safe sai ya wanke ta, kuma yaron da ya kuskura ya jingina da ita zai ji a kunnensa. Ni kaɗai ya yarda in taɓa ta, shi ma yana tsaye a kaina. Injiniya yake ce mini, ba don girmamawa ba, don tsiya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kofi. Duk gyaran da na yi mata, ko da fitila na canja, sai ya ɗauko wani kofin silba ya cika shi da ruwa fal, ya sauke matashin nan na tsakiyar kujerar baya ya ɗora a kai, sannan ya zagaya unguwa. Idan ya dawo ya ga ɗigo a kan fatar, to aiki bai yi ba. Wai maigidansa a nan yake ajiye shayi, kuma duk shekarun da ya yi yana tuƙa shi ko ɗigo bai taɓa zubar masa a riga ba. Na sha ce masa, "Baba, titin wancan zamanin da na yanzu ɗaya ne?" Sai ya ce direban ne ba ɗaya ba. Gidan bayan motar kuwa bai taɓa zama a cikinsa ba. Ko shara zai yi, daga waje yake durƙusawa ya zura hannu, wai wurin maigida ne.

To, da ciwo ya kama shi a ƙashin baya, tun yana dogara sanda har ya kwanta. Likitan asibitin unguwa ya ce abin ya fi ƙarfinsu, a kai shi babban asibiti na birni, can ne za a iya rage masa raɗaɗin. Hanyar birni kuwa Allah ya sawwaƙe, ramukan sun fi kwaltar yawa. Motar kuma ta jima da zaunawa ta baya. Shokazobanta na baya, wato ƙarafan nan da ke shanye girgiza idan taya ta faɗa rami, sun mutu, mai duk ya tsiyaye. Ko ɗan tudu ta taka sai ta yi ta tsalle kamar akuya.

Shi ya aiko Inna, matarsa, ta kira ni. Ya ce in canja su, a cikinta zai tafi.

Mu a sana'armu ba a zuwa kasuwa da baki. Abin da ya lalace kake kwancewa ka tafi da shi a hannu, mai kaya ya gani ya gwada da nasa. Haka na yi. Na ɗaga ta da jak, na jera duwatsu, na kwance duka biyun na kai wa Dogo mai kayan gyara. Sai dai nata ba irin na kowa ba ne, masu bututun mai ne, su ne ke sa motar ta ɗaga bayanta da kanta idan an tayar da inji. Dogo ya juya su ya juya, ya ce rabonsa da ganin irinsu tun yana yaron shago. Sai ya ba wani direban babbar mota ɗaya ya tafi da shi wani gari a nemo, ɗayan ya aika wa ƙaninsa a wata kasuwar. Ni kuma na ce madalla, hakan zai fi sauri.

Wannan ne na tsaya ina yi wa Auta bayani a bakin ƙofa, da kyar maganar ke fita.

"Wato ko tsoffin ma babu?" ta ce.

"Suna hanya."

"Wace hanyar?"

Sai muka ji muryar Baba ta taga, siririya, amma da sauran iko a cikinta. "Ku shigo nan, ku daina yi mini shari'a a titi."

Ɗakin na warin man zafi. An jawo gadonsa kusa da taga don ya riƙa hango motar, an tare bayansa da matasai. Ya rame har zoben hannunsa Inna ta naɗe da zare don kar ya zame. Makullin motar na rataye a ƙusa saitin kansa.

"Kun wuni lafiya, Baba? Ya jikin?"

"Jiki ga shi nan. Injiniya, ɗazu na ji kana buga noti da guduma. A kan motata?"

"Sifana ce ta faɗi."

"Ƙarya kake yi." Ya so ya yi dariya, ciwon ya tare shi, ya runtse ido har sai da abin ya lafa.

Auta ta durƙusa a gaban gadon. Ta ce za ta ɗauko motar haya mai kyau, ko ta nemo motar asibiti. Ya ce motar asibitin unguwar nan ai akwatin ƙarfe ce, ya san direbanta, ya san yadda sifirin ƙarƙashinta ke jijjiga mutum. Ni ma na sa baki, na ce akwai dabara, ana iya liƙa mata shokazoba irin na tasi da walda, cikin wuni ɗaya a gama.

"Kar ka soma," ya ce. "Ka sa mata na tasi, ta koma tasi. Ni ba taurin kai nake yi ba, Auta. Hanyar nan na san ta rami-rami. Na san abin da bayan nan zai iya ɗauka."

"Baba, mota ce fa kawai!"

"Na sani, uwata."

Ta fashe da kuka. Inna na zaune a gefe tana ninke tsumma tana warwarewa. Ganin kukan ne ya sa Baba ya ce to, a kawo motar hayar.

Washegari da safe aka kawo ta, sabuwa fes, direban ma mai hankali ne. Muka ɗauko Baba a bargo ni da direban, muka kwantar da shi. Na bi su a ƙafa, don tafiyar ba ta fi ta mai tura kura sauri ba. A ƙarshen layinmu akwai wata kwalbati da ta karye, dole sai an faɗa a hau. Tayar gaba ta wuce. Da ta baya ta faɗa, sai na ji ƙarar da har yau ba na son tunawa. Mutumin da ban taɓa jin ya ce wash ba, shi ne ya kurma ihu har mai shagon da ke kan kwanar layin ya saki abin da ke hannunsa. Auta da kanta ta riƙa dukan kujera tana cewa a tsaya, a tsaya. A bargon muka dawo da shi gida, muna tafiya kamar masu ɗauke da ƙwai.

Da muka kwantar da shi ta biyo ni waje. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Yaya, don Allah," ta ce. Shi ke nan abin da ta ce.

Daga ranar na zama ɗan shagon Dogo. Da safe ina can, da rana ina can. Dogo ya kira direban babbar motar, waya a kashe. Ya kira ƙaninsa, ya ce an samu guda amma na ɓangaren gaba ne. Wata rana aka ce an samu biyu a jikin wata mota da ta yi hatsari, washegari aka ce mai motar ya fasa sayarwa. Dogo mutum ne mai sanyin jiki, komai sai ya ce "in sha Allahu gobe", yana sosa ƙeya. Ranar da na daka masa tsawa a gaban mutane ya dube ni ya ce, "Ni na ƙera motar?" Na zauna a kan wata tsohuwar taya ina huci.

Abinci ya daina shiga mini. Maiɗakina ta ajiye ta ɗauke, ta ce idan ni ma na kwanta wa zai ɗaura ƙarafan? Katangar nan tamu siririya ce, duk nishin da Baba ya yi ina ji. Idan ya yi nishi hankalina ya tashi, idan ya yi shiru ya fi tashi. Nakan leƙa in gaishe shi, kullum sai in tarar ya ƙara shigewa cikin matasan. Ya daina tsokanata, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Idonsa kawai zai kai taga, ya dawo da shi kaina.

Na yi ta saƙa da warwara. Har na je na yi magana da mai walda, na ce ya zauna cikin shiri, in ya so in ɗaura na tasin in rufe bakina. Amma na san Baba. Kafin mu kai kwalbati zai gane, ba ma da kunne ba, da ƙashin bayansa.

Wata safiya ina wanke fuska sai ga Dogo da kansa a kan babur, da buhu a ɗaure a baya. Mutumin da ban taɓa ganin yana sauri ba har tuntuɓe ya yi wajen sauka.

"Ga su! Na hannu ne, amma duba, ko gumi ba sa yi."

Na zazzage buhun a ƙasa. Biyu ne, tsawonsu daidai, bakin bututun daidai. Na danna ɗaya da dukan ƙarfina, ya ƙi nutsewa sai a hankali. Ban san lokacin da na rungume Dogo ba, duk na ɓata masa riga.

Na shige ƙarƙashin motar. Na dama ya shiga salin alin. Na hagu kuwa notin bututun ya ƙi kama zare, wato tsagin da yake bi idan an murɗa shi. In juya ya zame, in juya ya zame, zufa na shiga mini ido. Idan na matsa masa da ƙarfi zaren ya lalace, to an koma gidan jiya, kuma na san babu sauran lokacin jira. Ina ganin ƙafafun Auta suna kai da komo a gefen motar. Sai na ji muryar Inna daga taga.

"Wai in ji shi, ka ajiye sifanar. Ka fara juya shi baya da yatsa har ka ji ya faɗa, sannan ka yi gaba."

Abin da ni na sani tun ina koyon aiki, amma tsoro ya goge mini shi. Na ajiye sifanar, na ja numfashi, na juya baya. Ƙas, ya faɗa. Ya tafi sumul.

Na mayar da tayoyi, na janye duwatsu, na sauke jak. Ta zauna ta baya kamar yadda take, har ƙasan ta kusa taɓa ƙasa. Na zuba mata man shokazoban, Auta ta miƙo mini makulli, na tayar. Injin ya kama da wannan gurnanin nasa mai taushi. Muka tsaya muna kallon bayan motar. Shiru, ko motsi. Na fara lissafin abin da na manta. Can sai ta yi wani ɗan nishi, bayan ya soma tashi a hankali, a hankali, kamar raƙumi zai miƙe, har ta tsaya daidai. Na leƙa ƙasa, babu ɗigon mai ko ɗaya.

Ta tagar na ga ya ɗaga yatsu biyu daga kan bargo.

Na ce bari in ɗan zagaya in gwada. Auta ta ce babu wani zagaye, a hanya ma gwada. Muka ɗauko shi ni da Dogo. Bai fi nauyin yaro ba. Na nufi gaba da shi don a kwantar da kujerar mai zaman banza, sai Inna ta ce baya ya fi faɗi. Ya buɗe ido ya dubi ƙofar bayan da Auta ta riƙe a buɗe.

"Nan ai wurin maigida ne."

"Yau kai ne maigidan," in ji Inna. "Ku sa shi."

Muka jingina shi a kusurwa, muka tare shi da matasai ta ko'ina. Inna ta zagaya ta zauna kusa da shi, Auta ta shiga gaba. Na zauna a kujerarsa, wadda ta lotsa daidai jikinsa ba nawa ba. Har na sa giya sai ya ce, "Kofi."

"Baba, don girman Allah," in ji Auta.

"Kofi," ya sake cewa.

Inna ta fita ba ta yi musu ba. Ta dawo da kofin silbar a cike, ta sauke matashin tsakiya ta ɗora a tsakaninsu.

Tun da nake tuƙi ban taɓa jin tsoron titi irin na ranar ba. Layinmu da nake bi ido rufe ya zama mini baƙo, kowane ɗan dutse sai na gan shi ƙato. Mutane sun fito ƙofar gidajensu suna ɗaga hannu. Ga kwalbati tana matsowa.

"Ta hagu," na ji ya ce a hankali. "Ka ba ta a karkace. Kar ka taka birki a ciki."

Na ba ta a karkace. Tayar gaba ta sauka ta hau. Na riƙe numfashi, Auta ta dafe kunnuwanta. Ta baya ta sauka. Motar ta ɗan nutsa, ta taso sau ɗaya, ta tsaya cak. Babu ihu.

Na ɗaga ido na dubi madubi. Idonsa na kan kofin.

"Ya zuba?" na ce.

"Tuƙinka dai da saura, Injiniya," ya ce. "Amma ita ta dawo."

Auta ta yi dariya da hawaye a fuskarta. Muka hau babban titi. Ya shafa fatar kujerar da tafin hannunsa, ya kalli rufin, ya kalli ƙeyata.

"Ashe haka yake ji," ya ce wa Inna. "Shi ya sa yake barci."

Daga nan ya lumshe ido. Muka bar gari, muka shiga inda hanyar ta fi lalacewa. Ina lallaɓa ta rami bayan rami, tana shanyewa, daga baya ko tari babu. Daɗi ya kama ni har bakina ya buɗe. Na riƙa yi wa Auta raɗa, "Kin ji wannan? Kin ga ko uhm bai ce ba." Ita ma ta saki jiki, ta ciro waya tana gaya wa wata a asibitin cewa muna tafe, a shirya gado. Muka wuce wani wuri da ruwa ya cinye rabin titin, na ce mata da motar haya ce da a nan za a yi ta. Har cewa na yi idan ya warke sai ya daina kirana Injiniya da gatse.

"Ɗan nan," in ji Inna.

Ba ta taɓa kirana haka ba. Na dubi madubi. Tana riƙe da hannunsa mai zoben a cinyarta, fuskarta a bushe, tana kallon gaba.

"Ka samu wuri ka juya. Mu koma gida."

Auta ta waiga. Wayar ta zame daga hannunta ta faɗa tsakanin kujeru, muryar matar na ta "halo, halo" daga can ƙasa. Ta kira shi sau ɗaya, ta sake kira. Ƙafata ta tafi kan birki da kanta.

"A'a," in ji Inna. "A hankali. Yadda ka kawo shi."

Ban tambaye ta tun yaushe ya cika ba, har yau kuma ban tambaya ba. Na juya a wani fili, na kamo hanyar gida. Hawaye na hana ni ganin titi, ina sharewa da kafaɗa, amma ban bar rami ɗaya ya same ta a miƙe ba. Auta ta juya ta durƙusa a kan kujerarta, ta riƙe gwiwarsa har muka iso. A kwalbati na bi ta hagu, na ba ta a karkace.

Maƙwabta suka taru suka shiga da shi. Na ji kukan mata ya tashi daga cikin gidan. Ni dai na kasa fita, ina zaune riƙe da sitiyari, sai can na lura ashe ban kashe injin ba. Na waiga baya. Matasan na nan da shatin jikinsa, kofin na kan matashin tsakiya, cike har baki, ruwan na ɗan rawa saboda injin. Na kai hannu na shafa fatar da ke kewaye da shi, a bushe take.

Na murza makullin. Ruwan ya yi rawa kaɗan, sannan ya kwanta.